Waƙa a Bakin Mai Ita: Yadda za a koya wa ɗaliban sakandare karanta tarihin kai

A ranar 20 ga Fabrairu, 2025, manyan ƙasar nan suka hallara a Abuja domin ƙaddamar da littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida, A Journey in Service. Shugaba mai ci yana wurin, tsofaffin shugabanni sun jeru a sahun gaba, attajirai suna ta sanar da gudummawar biliyoyin naira.

Kafin taro ya watse, hotunan wasu shafukan littafin sun riga sun bazu a Facebook da WhatsApp. Inda kowa ya nufa shi ne zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Babangida ya yarda cewa Abiola ne ya ci, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru a zamaninsa, amma ya jingina soke zaɓen ga wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Sani Abacha, ya ce shi yana Katsina lokacin da aka fitar da sanarwar. Iyalan Abacha suka fito suka ce atafau ba haka aka yi ba.

Makonni aka yi ana tafka muhawara, daga teburin mai shayi har zuwa gidajen rediyo. Wasu sun haɗiye littafin ɗungurungum, wasu sun tofar da shi ɗungurungum. Kaɗan ne suka tsaya suka yi tambayoyin da suka fi amfani. Me ya sa sai bayan shekara 32? Cikin waɗanda aka ambata, su wa suka rage a raye da za su mayar da martani? A ina marubucin ya tsawaita, a ina ya ratse?

Da yawa daga cikin masu wannan muhawara sun gama sakandare, wasu ma jami'a. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Ba a taɓa zaunar da su an koya musu yadda ake karanta labarin da mutum ya bayar game da kansa ba.

Abin da ake yi a aji

Leƙa ajin adabi a yawancin makarantun gwamnati. Ɗalibai sun kai tamanin ko ɗari a ɗakin da aka tsara wa kusan arba'in. Littafin da ake nazari bai wuce kwafi biyar ko shida ba a ajin gaba ɗaya. Malam ya juya baya yana rubuta taƙaitaccen labari a allo: sunayen taurari, jigo, salo, darussan da aka koya. Ɗalibai suna kwafa. Minti arba'in ya cika, aka buga ƙararrawa.

A haka yaro zai iya cin jarrabawar WAEC ko NECO a kan littafin da bai taɓa karanta shafi goma a jere daga cikinsa ba. Akwai ƙananan littattafan tambayoyin baya da amsoshinsu a kowace kasuwa, kuma su ne ainihin abin da ake karantawa.

Jerin littattafan jarrabawa, na Hausa da na Ingilishi, galibi ƙagaggun labarai ne da wasan kwaikwayo da waƙa. Tarihin kai ba kasafai yake samun gurbi ba. In ma ya shigo, ana ɗaukarsa ma'ajiyar bayanai: an haife shi a shekara kaza, ya yi makaranta a wuri kaza, ya riƙe muƙami kaza. Darasin tarihi da ya kamata ya cike giɓin shi ma an cire shi daga manhajar matakin farko a wajajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka taso a tsakanin nan su ne matasan da ke riƙe da wayoyi a yau.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Abin takaicin shi ne karatun tsanaki, wato bin nassi kalma bayan kalma, daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ɗauki Ahalari ko Iziyya ko Risala ya san shi. Almajiri ya karanto gaɓa ɗaya, malam ya fassara, ya tsaya a kan wasali guda ya nuna yadda ma'ana za ta juya da an canza shi. Ana iya shafe zama guda a kan layi uku, kuma ba wanda zai ce an ɓata lokaci.

Haka kuma ilimin hadisi ya koya mana tambayar da ita ce ƙashin bayan karanta tarihin kai: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya riƙonsa yake, ya halarci abin ko labari ya samu? Malaman da suka tsara wannan ilimi ba su ɗauki bincikar mai ruwaya a matsayin cin mutunci ba.

Rubuta tarihin kai ma ba Turawa suka kawo mana ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Tazyinul Waraƙat a farkon ƙarni na 19, inda ya tattara waƙoƙinsa ya bi su da labarin abin da ya gani a zamanin jihadi, har da ɓacin ransa a kan yadda wasu suka karkata ga neman duniya. Sai dai tsarin boko ya zo ya ajiye wannan gado a ƙofar aji, ya shiga da hadda.

Dorugu da mai riƙe da alƙalami

In ana neman inda za a fara da 'yan aji huɗu ko biyar, da wuya a samu kamar labarin Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya isa Kukawa. Wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tambutu, daga baya Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ne ya ba wani ɗan mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885.

Ɗalibai za su so shi don tsaransu ne. Lokacin da ya ba da labarin bai wuce shekara goma sha shida ko sha bakwai ba. Yana kallon Turawa da idon baƙo, yana kwatanta yadda suke zaman cin abinci da ƙa'idojinsa kamar yadda su suka saba kwatanta namu.

Amma ga inda aikin yake. Dorugu bai riƙe alƙalami ba. Faɗa yake yi, wani yana rubutawa, kuma mai rubutun yana tattara Hausa ne don aikin nahawu da ƙamus da fassarar littattafan addininsa. Yaron yana zaune a gidan mutumin, yana cin abincinsa, a ƙasar da ba shi da kowa. To me yaro a wannan hali zai faɗa, me zai haɗiye? In ya yabi wanda ya 'yanta shi, yabon daga zuci ne ko na ladabi, ko duka biyun? In ya wuce rabuwarsa da iyayensa cikin 'yan jimloli, rashin damuwa ne ko abin ne ya fi ƙarfin baki?

Ba lallai a sami amsa guda ba. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya sa yatsa a kan layi ya ce, “Malam, ga inda na ga haka.”

Baba ta Karo

Na biyu, kuma a ganina mafi albarka, shi ne labarin Baba ta Karo. An haife ta a wajajen 1877, ta rasu a 1951. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin al'umma M. G. Smith wanda ke bincike a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954.

Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ta ga zamanin hare-haren kama bayi, ta ga rinjin gidansu, ta ga yadda ake fansar dangi da aka kama, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba amma ta riƙi 'ya'ya. Kusan duk abin da littattafan tarihin sarakuna suka tsallake yana bakinta: biki, suna, ƙawance, kishi, zawarci, bori, sana'ar mata a cikin gida.

Akwai wuri guda da ya isa a yi darasi biyu a kansa. Baba ta nuna cewa talakawa irinsu sun yi maraba da zuwan Turawa, masu sarauta ne ba su so ba. Ɗalibin da aka saba wa hadda zai rubuta wannan a matsayin hujja, ya rufe littafi. Wanda aka koya wa tsanaki zai tuna cewa tana faɗa wa Baturiya ne, a lokacin da Turawa ke mulki. Zai kuma lura cewa ita ɗin ce dai ta ba da labarin yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Turawan, wato gidansu ya yi asara. Sai ya tambaya: shin tana faranta wa mai sauraro ne, ko kuwa tsoron mahara da ta taso a ciki ya sa duk wanda ya kawo ƙarshensa ya zama abin so? Ya koma cikin nassin ya nemo abin da zai ƙarfafa kowanne.

Sannan ga kunya. Mace Bahaushiya ta wancan zamani tana da sunayen da ba ta faɗa, da abubuwan da take kewayawa. Ɗaliba daga Zariya ko Maraɗi za ta gane wannan kewaye tun kafin malami ya buɗe baki, domin ta ji shi a bakin kakarta. Nan ne yaranmu suka fi duk wani mai nazari na waje kunne, in aka ba su dama.

Na yi, aka yi

Littattafan 'yan siyasa kuwa wani fagen ne. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da My Life a 1962, yana kan kujerar Firimiya, shekara biyu bayan 'yancin kai, kuma kamfanin ɗab'i na Jami'ar Kambirij ne ya buga. Awolowo ya riga shi da Awo a 1960, Azikiwe ya biyo da My Odyssey a 1970. Kowannensu yana rubutu ne yana sane da cewa abokan hamayya za su karanta, 'yan baya ma za su karanta.

Malami zai iya ba ɗalibai aikin awo kawai. A duba yawan filin da Sardauna ya ba asalinsa da zuriyar Shehu, a gwada da filin da ya ba neman sarautar Sarkin Musulmi a 1938 da shari'ar kuɗin jangali da ya ɗaukaka ƙara a kanta ya yi nasara. Daga nan a buɗe littafin da John Paden ya rubuta a kansa a 1986 a ga yadda wani ya auna waɗannan abubuwa. Ba a ce kowa ya yi ƙarya ba. An dai ga cewa tsawo da gajarta ma magana ce.

Akwai wata dabara da ba ta bukatar littafi ko ɗaya. Malam ya ƙirƙiri jimla biyu ya rubuta a allo, kamar daga bakin wani tsohon shugaban ƙaramar hukuma: “Na gina makarantu goma a shekarata ta farko. A wannan shekarar ce kuma aka rushe tsohuwar kasuwa.” Ya ce a karanta sau biyu. Ba za a daɗe ba wata daga baya za ta ɗaga hannu: “Malam, wa ya rushe kasuwar?” Shi ke nan, darasi ya kama. Inda abin yabo yake an ce “na”, inda abin zargi yake an ce “aka”. Yaron da ya kama wannan sau ɗaya zai riƙa jin sa a kowace sanarwar gwamnati har ya tsufa.

Haka ake yi da yaƙin basasa. Obasanjo ya rubuta My Command a 1980. Birgediya Alabi-Isama, wanda suka yi aiki a runduna ɗaya, ya fito da The Tragedy of Victory a 2013 yana ƙalubalantar abubuwa da dama a ciki. Achebe kuma ya ba da nasa daga ɓangaren Biyafara a There Was a Country a 2012. Shafi ɗaya daga kowanne, a kan abu guda, ya fi lacca goma a kan illar son zuciya.

Yana da kyau kuma a ajiye Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a gefe. Ƙagaggen labari ne na 1934, amma tauraron da bakinsa yake ba da tarihinsa. A sa shi kusa da Dorugu, su biyun yara ne da bauta ta raba da gida, a tambayi ɗalibai ta ina za a gane wanda aka ƙaga. Za su sha mamakin yadda abin yake da wuya.

Masu ja da baya

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Malamai suna cewa lokaci ba ya isa. Ana auna su da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, manhaja tana da tsawo, kuma mutum ɗaya ba zai iya duba rubutun yara ɗari uku a mako ba. Gaskiya ne. Sai dai takardar adabin Ingilishi tana da sashen da ake kawo nassin da ɗalibi bai taɓa gani ba, kuma hadda ba ta ceto a nan. Wanda ya saba tsefe shafi ɗaya shi ne zai tsira.

Wasu iyaye da dattawa kuwa tsoronsu tarbiyya ce. Suna ganin in aka koya wa yaro bincikar maganar Sardauna yau, gobe ta ubansa zai bincika. Wannan damuwa tana da tushe, musamman a zamanin da yaro ɗan shekara sha biyar ke zagin sa'an kakansa a intanet. Amma mai zagin nan ba karatu ne ya yi masa yawa ba. Bai karanta komai ba sai guntun hoto. Yaron da aka tilasta wa kawo hujja daga layi kaza na shafi kaza kafin ya yi hukunci, ladabi ake koya masa.

Shugabannin makarantu suna gudun kada siyasa da ƙabilanci su shigo aji, musamman inda ɗalibai suka cakuɗa. Wannan kam a kiyaye. Shi ya sa ya fi kyau a fara da na nesa, irin su Dorugu da Baba, a bar rikicin 1966 da zaɓen 1993 sai hannu ya faɗa.

Akwai kuma masu cewa yawan bin diddigi yana kashe daɗin karatu, yaro ya koma ɗan sanda maimakon mai sauraro. Wannan ce hujjar da ta fi damuna. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma dole a bar yara su ji daɗin tukuna. A karanta shafin da babbar murya, a yi dariya inda ake dariya, a yi shiru inda ya kamata. Bincike ya biyo baya. Marubucin tarihin kai ba wanda ake tuhuma ba ne. Mutum ne da ke tuna abin da ya wuce da shekara arba'in, ya manta wani, ya gyara wani ba da saninsa ba, ya rufa wa wani asiri don zumunci.

Tsallaken iyaka

A Nijar lamarin ya ɗan bambanta. Tsarin da aka gada daga Faransa yana ba sharhin nassi muhimmanci, ɗalibin lise, wato sakandare, a Zinder ko Tawa ya san a ba shi sakin layi ɗaya a ce ya fede shi. Suna kuma da littattafan tarihin kai da suka shahara a ƙasashe renon Faransa: L'Enfant noir na Camara Laye na 1953, Kotia-Nima na Boubou Hama, da Amkoullel na Amadou Hampâté Bâ na 1991. Littafin Laye ma ya zo da muhawararsa, domin Mongo Beti ya soke shi da cewa ya ba da labarin yarinta a Gini kamar babu mulkin mallaka a ƙasar.

Abin da ya rage shi ne duk wannan da Faransanci ake yi. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, da Hausa ya yi magana, kuma ya cancanci a karanta shi a garinsu da harshen da ya faɗe shi.

Su ma su rubuta

Malaman da suka san aikin suna cewa karatun ba ya zama sai yaro ya gwada rubutawa. A ce kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, abin da duk suka gani da idonsu. A tattara, a karanta biyar. Ɗan mai POS da 'yar mai sayar da ƙosai ba za su ba da labari iri ɗaya ba, alhali ba wanda ya yi ƙarya. Sannan a tambayi kowa a asirce: me ka bari ba ka rubuta ba, kuma don me?

Ko a tura su gida su tambayi kaka da kakan labarin farin 1973, ko yunwar 1984 da mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda rufe iyaka. Su rubuto yadda aka faɗa, ba gyara. A nan za su ɗanɗana matsayin Mary Smith da Schön, su ga yadda mai rubutu ke sa hannu a labarin wani ko da bai yi niyya ba.

Sharaɗi ɗaya ne. A ajujuwanmu na yau akwai yaran da aka kora daga ƙauyukansu, akwai waɗanda aka sace wani nasu, akwai marayu. Kada a matsa wa kowa ya buɗe abin da bai shirya buɗewa ba, kada kuma a karanta rubutun yaro a gaban aji sai da yardarsa.

Babban cikas dai shi ne littattafan kansu. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya ba da labarin tafiyarsa Ingila a 1943, da tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, da labarin Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, da na Maimaina na Jega, ba abubuwa ne da ɗan sakandare ke cin karo da su a kantin littattafai ba. Labarin Baba da Hausarta ta asali sai kusan shekara arba'in bayan rasuwarta aka buga shi, a can Amurka.

Kira a nan ga ma'aikatun ilimi na jihohi, da sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da kamfanonin ɗab'i na Zariya da Kano: a zaɓo shafuka daga waɗannan littattafai, a nemi izinin masu haƙƙi, a haɗa su a ƙaramin littafi mai araha da tambayoyi a ƙarshen kowane babi, a kai shi aji huɗu zuwa shida. Kafin nan, malamin da ya sami kwafi ɗaya ya kai shi shagon hoto ya buga shafi guda, ya raba wa kowane benci.